Ina takardun da aka sauke cikin Sandboxie suke shiga?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan'uwana masu shagon kwamfuta. Da yawanmu muna shiga intanet ta cikin Sandboxie, manhajar da ke keɓe abin da aka buɗe ko aka sauke a wani akwati na daban, don gudun bairos, sai kwastoma ya sauke takardarsa, a leƙa Downloads, wayam! Ba ɓata ta yi ba. Manhajar tana killace komai ne a C:\Sandbox: ka shiga folda mai sunan da ake shiga kwamfutar da shi, sai DefaultBox (wato akwatin), sai user, current, Downloads, ga ta nan kwance.

Ni kafin in rufe shago nakan kwashe na kwastomomi zuwa folda mai kwanan wata, domin da zarar yaron shago ya share akwatin, sun tafi ke nan.

Naka,
Wani mai shagon kwamfuta, Zariya