Godiya ga Ma'aikatan Jirgin Gaɓar Tekun Norway

Zuwa ga kyaftin da ɗaukacin ma'aikatan jiragen Hurtigruten da ke zirga-zirga tsakanin Bergen da Kirkenes,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na ga ya kamata in rubuto wannan takarda a bainar jama'a, domin godiyar da na yi muku a bakin tsani ranar da na sauka ba ta kai ko'ina ba. Sanyi ya kama mini baki, ga jaka a hannu, ga mutane a bayana suna jiran in ba su hanya. Yabon gwani kuwa ya zama dole.

A watan Maris na hau jirginku, niyyata in ga garuruwan masunta da tsibiran arewacin ƙasarku. Da farko na ɗauka jirgin 'yan yawon buɗe ido ne kawai, irin wanda ake ci a sha a ɗauki hoto. Daren farko ya warware mini wannan zato. Na farka cikin dare na ji jirgi ya tsaya, na leƙa taga, sai ga ƙofa a buɗe a gefen jirgin, wata ƙaramar motar ɗaga kaya tana shiga tana fita da akwatuna, mutum biyu sun sauka, ɗaya ya hau, kafin in gama ɗaura agogo an kwance igiya mun tashi. Tashoshi 34 ne a kan wannan hanya, kuma a yawancinsu tsayawar ba ta wuce 'yan mintoci. Daga baya na karanta cewa don haka aka kafa aikin tun asali. A ranar 2 ga Yuli, 1893, Kyaftin Richard With ya tashi daga Trondheim zuwa Hammerfest da jirgin Vesteraalen, a lokacin da wasiƙa kan yi makonni, da hunturu ma har watanni, kafin ta isa arewa. Shi ya mayar da tafiyar ta 'yan kwanaki. Yau akwai tituna da gadoji da filayen jirgin sama, amma na ga da idona cewa idan dusar ƙanƙara ta toshe hanya, har yanzu teku mutanen can suke kallo.

Godiyata ta farko ga baiwar Allah da ke zaune a teburin karɓar baƙi. Na je tambayarta ko kusan awa guda da jirgi zai yi a Svolvær, wani gari a tsibiran Lofoten, zai ishe ni in ga wuraren shanya kifi. Ta yi murmushi ta ce ai da dare za mu isa, babu abin da zan gani sai fitilu. Ta ba ni shawara in sauka in kwana biyu ko uku a Lofoten, in hau wani jirgin da zai biyo baya, tunda hanyar ba ta rabuwa da jirgi. Ta zauna ta gyara mini tikiti, ta rubuta mini sunayen ƙauyuka a bayan wata takarda, har da yadda ake furta su, don ta lura harshena yana karyewa a kan haruffanku masu ɗigo da zare. Ba aikinta ba ne ta tsara mini tafiya a tudu, amma ta yi, kuma kwanakin nan uku su ne ƙashin bayan tafiyata duka.

Kafin Lofoten sai da muka ƙetare mashigin tekun Vestfjorden, daga Bodø zuwa Stamsund, kusan awa huɗu a buɗaɗɗen teku. Nan na san ban san ruwa ba. Laifina ne, don an sanar a lasifika cewa za a yi iska, ni kuwa na cika cikina na hau can sama wai ina kallo. Wani ma'aikaci ya tsince ni a kan matakala, kaina yana juyawa, na riƙe ƙarfe kamar wanda za a ƙwace wa. Bai yi mini dariya ba, ko da yake na cancanta. Ya kai ni ƙasa, tsakiyar jirgin inda girgiza ta fi sauƙi, ya kawo busasshen biskit da ruwa, ya ce in kafa ido a inda sama ta haɗu da teku, in daina kallon waya. Ya dawo sau biyu yana duba ni. Allah ya saka masa da alheri.

Abin da na tarar a Lofoten ya fi ƙarfin hoto. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin da suke kira skrei yakan taso daga Tekun Barents ya gangaro nan don ya yi ƙwai, kuma a kan wannan zuwa nasa aka gina rayuwar tsibiran tun ƙarnoni. A fede shi, a cire kai, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataye a kan dogayen rumfunan katako da ake kira hjell. Babu gishiri, babu hayaƙi, iska ce kawai da sanyi. Sirrin yana cikin yanayin wurin: sanyin ya isa ya hana ƙuda da ruɓewa, amma bai yi tsananin da zai daskarar da naman ya lalata shi ba, saboda ruwan ɗumi da ke kwararowa daga kudu ta Tekun Atlantika. Wannan ruwa ne ma ya sa tashoshinku ba sa daskarewa duk da kasancewarsu can ƙuryar arewa. Kifin yakan yi watanni a rataye har ya bushe ƙayau kamar itace. Mafi kyawunsa Italiya ake kai shi, kawunan kuma a shanya su daban, yawancinsu Najeriya suke nufa. Warin kuwa, ba zan ɓoye ba, ya bi ni har cikin riga. Wani dattijo da na tarar yana ɗaure kifi ya ga na toshe hanci, sai ya shafa babban yatsa da manuni yana dariya, alamar wannan ƙanshin kuɗi ne.

A wata rumfar sarrafa kifi na ga yara, wasu ba su wuce shekara goma sha biyu ba, tsaye gaban tulin kawuna. Yaro ya ɗauki kai, ya soka shi a kan wani tsinin ƙarfe, ya zare harshen da wuƙa sharaf, ya jefar da kan, ya ɗauki wani. Hannunsu ya fi idona sauri. Sana'ar yara ce a can tun kaka da kakanni, kuma kuɗin nasu ne. Na kwana a ɗaya daga cikin jajayen ɗakunan katako da ke tsaye kan ƙafafu a bakin ruwa, waɗanda asalinsu masaukin masunta baƙi ne masu zuwa kakar kifi.

Da na koma jirgi, gabas da Hammerfest, sai ƙasa ta sauya. Itatuwa suka ƙare, sai duwatsu da fari fat. Na tambayi wata ma'aikaciya me ya sa gidajen garuruwan nan duk kusan kama ɗaya, babu tsohon gini. Ta ce a ƙarshen 1944 sojojin Jamus, suna ja da baya, sun ƙone kusan dukkan yankin Finnmark, aka kwashe mutane da ƙarfi. A Honningsvåg cocin garin ne kaɗai ya tsira. Ta faɗi haka ba tare da ɗaga murya ba, ta ci gaba da goge teburinta.

Daren Berlevåg ne ba zan manta ba. Garin yana fuskantar Tekun Barents kai tsaye, babu tsibirin da zai kare shi, shi ya sa aka yi masa katangar ruwa da manyan dunƙulen siminti masu ƙafa huɗu. An riga an gaya mana cewa idan teku ta ƙi, kyaftin zai wuce bai tsaya ba. Na fito waje don in gani. Jirgi ya shiga a hankali, iska tana kaɗa dusar ƙanƙara a gefen fuska, mutum ɗaya a kan gaɓa cikin riga mai ƙyalli ya cafe igiya ya zarga. Wata tsohuwa ce ta hau, da sanda da ƙaramar jaka. Matashin da ke bakin ƙofa ya sauko har ƙasa, ya karɓi jakar, ya ba ta hannunsa, ya bi takunta ɗaya bayan ɗaya, bai nuna gaggawa ba ko kaɗan alhali minti nawa ne duka a hannunsa. Da safe na gan ta a wurin shan shayi, ta ce asibiti za ta a Kirkenes. Wato saboda ita da 'yan akwatuna aka shigar da wannan ƙaton jirgi ta wannan ƙunci cikin dare. A ganina wannan shi ne ainihin aikinku, mu masu kallon duwatsu ƙari ne kawai, kuma na ji daɗi da ba ku ɓoye mana shi ba don ku burge mu.

Vardø na wuce ta ina barci, abin da har yanzu nake cizon yatsa a kai, don garin ya fi Santambul kusa da gabas, kuma na so in taka shi. Sai wani jiƙon.

Sai kuma wanda na tambaya alƙibla, ya je ya duba inda jirgi ya dosa, ya dawo ya zana mini kibiya a takarda, ya kuma gargaɗe ni cewa nan da rabin awa za mu karya kwana, kibiyar za ta tashi aiki. Na gode masa ƙwarai.

Akwai bashi ɗaya a kaina. Matashin nan na Berlevåg, da ya ga ina busa hannuwana a waje, ya cire safar hannunsa ta aiki ya miƙa mini, baƙa mai ruwan lemo a tafin, babban yatsan hagu ya ɗan tsage. Na sauka a Kirkenes da ita cikin aljihu, ban tuna ba sai a filin jirgin sama. Don Allah a gaya masa tana nan a wurina, kuma idan ofishinku zai karɓa a madadinsa, zan aiko da ita ta gidan waya.

Naku,
Wani fasinja mai godiya