Lambar girmamawa ta Latbiya kan shiga NATO ta dace

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman ɗan fili in yi magana kan lambar tunawa da Ma'aikatar Tsaron Latbiya ta ƙirƙiro domin karrama waɗanda suka taimaka wa ƙasar ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO. Wasu na ganin irin wannan lamba ado ce kawai. Ni ban yarda ba.

Latbiya ƙaramar ƙasa ce, mutanenta ba su kai miliyan biyu ba, ga ta maƙwabciyar Rasha. Ta fita daga Tarayyar Sobiyet a 1991, amma sojojin Rasha ba su janye ba sai 1994. Kusan daga tushe ta gina rundunarta, ta gyara dokoki, ta tura dakaru aikin kiyaye zaman lafiya a Bosniya. An gayyace ta shiga NATO a taron ƙungiyar na birnin Prague a 2002, ta zama mamba ranar 29 ga Maris, 2004, tare da ƙasashe shida.

Shugabar ƙasar ta wancan lokaci, Vaira Vike-Freiberga, ita ce duniya ta sani, kuma ta cancanci yabo. Sai dai akwai hafsoshi da ma'aikatan ofis da suka yi shekaru suna wannan wahala ba a jin sunansu. Su ne na fi so a riƙa rataya wa lambar.

Naka,
Mai karatu daga Zariya