Wasiƙa zuwa ga Autana

Auta,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Na san wayarka ce za ta karanta maka wannan, to ka sa ta ta bi a hankali.

Yayarka ta gaya mini ka daina ɗiga maganin ido, wai wani mai wa'azi ya ce wanda ya dogara ga Allah ba ya riƙe kwalbar magani. Raina ya ɓaci ƙwarai. Hawan jinin ido jijiyar gani yake ci sannu a hankali, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Ɗigon nan safe da dare shi ke tsare ɗan hasken da ya rage a idonka na dama. Kai ɗan Wusasa ne. Tun da mishan ta dawo nan daga cikin birnin Zazzau a 1929, majami'ar St. Bartholomew da asibiti maƙwabtan juna ne, kuma iyayenmu ba su taɓa ganin ɗaya kishiyar ɗaya ba. Ka koma wurin likitanka a makon nan.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayar da na san tana cinka: laifin me na yi? Almajirai ma sun yi wa Yesu ita a Yohanna sura 9, a kan wanda aka haifa makaho. Ya ce ba zunubinsa ba ne, ba kuma na iyayensa ba, sai dai domin a bayyana aikin Allah a kansa. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi, ya ci gaba da aiki da ƙayarsa. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya? Ina roƙa maka warkarwa kullum, ba zan fasa ba. Amma kada ka jingine bin Yesu sai ranar da ido ya buɗe.

Sandar nan da kake ɓoyewa a bayan ƙofa, fito da ita. Ba ta bara ba ce. Ka koyi rubutun makafi, ɗigo shida ne kacal ake jujjuyawa; makarantar Gindiri tun 1953 take koya wa yara shi, kai ma yatsunka za su iya. Ka koma cikin mawaƙa kuma, ai waƙoƙin duk suna kanka. Yaran ajin Lahadi da kake koyarwa, ɗaya ya karanta aya, kai ka yi bayani. In wani ya miƙo hannu zai tsallakar da kai titi a Kwangila, ka karɓa da godiya, barin 'yan'uwa su taimake ka ma almajiranci ne.

Matan zumunta suna gaishe ka. Zan aiko yayarka ranar Asabar da kuɗin magani da ɗan yaji, ku tafi asibitin tare.

Allah ya yi maka albarka.

Mamarka,
Wusasa, Zariya