Titunan Damagaram na buƙatar awo bayan bikin buɗewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai albarka domin in yi magana a kan zirga-zirga a cikin garinmu na Damagaram, musamman yadda za a riƙa bin diddigin ayyukan hanya bayan an gama su.

Duk mazaunin garin nan ya shaida ayyukan da aka yi albarkacin bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba, 2018, wanda aka yi wa laƙabi da Zinder Sabuwa, lokacin da aka shimfiɗa kwalta aka kafa fitilu a manyan tituna. Mun yi murna, kuma murnar tana da dalili. Sai dai tsawon kwalta da kuɗin da aka kashe ba su isa su nuna ko talaka ya samu sauƙi ba. Abin da ya kamata a auna shi ne mintocin da mai tafiya daga unguwar Kara-Kara zuwa Kasuwar Dole yake ci a hanya, da kuɗin da yake biyan ɗan kabu-kabu ko mai adaidaita, da yawan waɗanda ake kaiwa asibiti saboda haɗarin babur, da kwanakin da ruwa yake kwanciya a titi idan damina ta sauka.

Ƙidayar 2012 ta nuna cewa birnin, da gundumominsa biyar, ya haura mutum 300,000, kuma tun daga nan unguwanni sai ƙara miƙewa suke yi. Ga manyan motocin da ke bin hanyar Diffa da ta Agadas da ta Magarya, ga tankokin mai tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, dukansu suna raba hanya da amalanke da 'yan garuwa da yara 'yan makaranta. Ni malami ne, kuma kowace safiya gabana yakan faɗi idan na ga ɗalibaina suna tsallaka titi a tsakanin babura, domin yashi ya cinye gefen da ya kamata su bi da ƙafa. Masu tafiya a ƙasa su ne aka fi mantawa da su a lissafi, alhali da su aka fi cika titi.

Wannan awo ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Ɗaliban Jami'ar André Salifou za su iya tsayawa a mahaɗa huɗu ko biyar, sau biyu a shekara, da rani da kuma damina, su ƙirga abin da ke wucewa daga hantsi zuwa magariba. Shugabannin 'yan kabu-kabu sun san farashi da wuraren haɗari fiye da kowa, asibitoci kuma suna da rajistar waɗanda suka ji rauni. Sharaɗin shi ne a yi ƙirgar kafin a fara kowane sabon aiki, sannan a maimaita ta a wuri ɗaya da lokaci ɗaya bayan an gama, in ba haka ba babu abin da za a kwatanta.

Ina kira ga hukumar birni da ta ɗauki nauyin tattara waɗannan alƙaluma, ta kuma sa a karanta su da Hausa a gidajen rediyo kowace shekara, tare da gayyatar masu unguwanni su faɗi inda sakamakon ya saɓa wa abin da jama'arsu ke gani.

Wassalam,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Birni, Damagaram