Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magajin Garin Istanbul Kan Ganuwar Birnin

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Kan ganuwa na rubuto, wadda ta miƙe fiye da kilomita 6 daga gaɓar Tekun Marmara. Ka fi ni sanin tarihinta: a zamanin Sarki Tiyodosiyus na Biyu aka kammala ta a shekarar 413, kuma da girgizar ƙasa ta rusa hasumiyoyinta a 447, cikin kwana 60 mutanen birnin suka sake tayar da ita. Sarakunan Rumawa da suka biyo baya sun ƙara mata ɓangaren unguwar Balakarna. Shekara dubu tana mayar da runduna baya, sai a 1453 Sultan Muhammad Alfatih ya keta ta. Kusa da ita kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari yake, Allah Ya ƙara masa yarda.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gyaran da aka yi mata bayan UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1985. Magina na farko jera farin dutse suke yi, su ratsa shi da layin jan bulo, su haɗa da farar ƙasa da garin bulo. Masu gyara kuwa suka zo da siminti da sabon dutse, suka tayar da hasumiya fes kamar jiya aka gina ta. Da girgizar 1999 ta zo, wasu daga cikin sababbin wuraren ne suka zube, tsohon gini yana tsaye. Wannan bai isa darasi ba?

Ka taka da ƙafarka ka gani. Akwai inda itatuwa suka tsiro a kan bango, saiwarsu ta tsaga dutse, ƙasan kuma baƙin hayaƙi ne da tarin shara. Ni da na tashi a Kano ina kallon badala tana zaizayewa, ganin haka yana sosa mini rai.

Shigarta jerin UNESCO alkawari ne kuka ɗauka na kiyaye ta. Don Allah, duk aikin da za a yi nan gaba, a tallafi abin da ya rage da irin kayan da aka gina shi, a daina sabon gini da sunan gyara. A kuma bar manoman lambun Yedikule, da ke gindin ganuwar, da latas ɗinsu. Ɓaraguzan da aka zuba musu a 2013 sun isa.

Naka,
Wani Bakano mazaunin Istanbul