Wasiƙar godiya ga ofishin lauyan da ya tsaya wa maigidana

Zuwa ga Lauya da ma'aikatan ofishinsa,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a bainar jama'a don ɗawainiyar da kuka yi da mu ta fi ƙarfin godiyar waya.

Maigidana ya shekara 17 yana tuƙin babbar mota a nan Amurka, ana cire masa harajin Social Security, wato hukumar gwamnati mai biyan kuɗin fansho da na masu naƙasa, daga albashinsa. Ciwon baya ya kwantar da shi, an yi masa tiyata sau biyu, ƙafar hagu kuma ta riƙa sagewa. Da kanmu muka cike takardun neman kuɗin masu naƙasa, aka ƙi. Muka nemi a sake dubawa, aka sake ƙi. Daga baya na gane laifin namu ne, rabin takardun asibitin ma ba mu haɗa ba.

Kwana 60 doka ta ba mutum ya ɗaukaka ƙara. Mun iso ofishinku saura kwana tara, kuma a ranar sakatariyarka ta shigar da buƙatar a kai mu gaban alƙali. Abin da na fara tambaya shi ne kuɗi, don a lokacin ko na haya da ƙyar muke haɗawa. Ka ce idan ba a ci nasara ba, ladan lauya bai hau kanmu ba. Idan an ci, kashi 25 cikin 100 ne na ariyas ɗin da za a biya shi, kuma akwai iyakar da hukuma ta sa wadda ba a wucewa.

Abin da ba zan manta ba shi ne zamanku da shi kafin ranar sauraro. Ka tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi. Ka sake tambaya, ya ce Alhamdu lillahi. Haka muka tashi, Bahaushe ko yana kan gadon asibiti da sauƙi zai ce. Sai ka ajiye biro ka canza tambaya. Minti nawa yake iya zama kafin ciwon ya tashe shi? Wa ke sa masa safa? Sau nawa yake kwanciya da rana? Mutumin da na aura shekara 22 ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ni kaina yake ɓoye mini. Ka ce masa kada ya ƙara kome, kada kuma ya rage, don alƙali ba ya biya saboda sunan cuta. So yake ya san ko ciwon ya hana mutum aiki, kuma ya kai wata 12 ko zai kai.

A ranar, hukuma ta kawo tafinta kyauta kamar yadda ka nema. Masanin sana'o'i da aka kira ya ba da shaida ya lissafo ayyukan zaune da ya ce mai irin wannan ciwo zai iya. Cikina ya ɗuri ruwa. Kai kuwa ka buɗe rahoton likitan da ma'aikatanka suka yi makonni suna bibiya, ka tambayi masanin ko akwai mai ɗaukar ma'aikacin da dole ya kwanta sau uku a yini. Ya ce babu.

Na ji ka haura shekara 20 kana wannan aiki. Ba irin shari'ar da ake nunawa a talabijin ba ce, kuma masu zuwa wurinka gajiyayyu ne, wasu da sanda, wasu da fushi. Mu ma da fushin muka zo, ka haƙura da mu.

Takardar amincewa ta iso, ariyas ya shiga, mun biya bashin haya. A miƙa gaisuwata ga sakatariya, wadda ta riƙa kirana don tuna mini ranakun ganin likita. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara lafiya.

Taku,
Matar wani tsohon direba