Harafin "s" na ƙarshen "always" ba na jam'i ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don gyara wani kuskure da ya yi kaka-gida a darussan Turanci da ake yi wa 'ya'yan Hausawa a Makka da Jidda. Ana faɗa musu wai "always" jam'in "way" ne, wato "dukkan hanyoyi". Ba haka ba ne.

A Tsohon Turanci, kafin shekarar 1100, kalmomi biyu ne, "ealne weg", ma'ana tsawon hanya duka, hanya guda ɗaya tak. Baki ya dunƙule su suka koma "alway". Sai tsakanin ƙarni na 13 da na 14 aka liƙa "s", kuma "s" ɗin mallaka ce, wadda Turawan zamanin da suke ɗora wa suna don ya zama bayanau, abin da malaman nahawu a nan ke kira zarfi. Ita ce a "besides" da "towards". Ita ce ma ta ɓuya a "once" da "twice", waɗanda a da ake rubutawa "ones" da "twies". Shi kuwa "weg" har gobe hanya yake nufi a Jamusanci, kuma tushensa ɗaya da "vehere" na Latin, wato ɗauka, inda "vehicle" ya fito.

Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba. "Kullum" ɗinmu ai "kulla yaumin" ce ta Larabci, wadda mai shayi a Jidda ke cewa "kull yom". Mu ma mun matse kalmomi biyu, har ba mai jin yini a ciki.

Ga inda ɓarnar take fitowa a takardun yara. Wanda ya ɗauka jam'i ne sai ya raba, ya rubuta "all ways", ma'ana ta koma hanyoyi na gaske. Wani ya haɗe amma ya bar "l" biyu, alhali ɗaya ta faɗi tuntuni, kamar a "already" da "almost". Mafi yawa kuma, saboda sun saba jefa "da'iman", wato "always" ta Larabci, bayan aikatau, sai ka ga "he comes always late". Wurinta gaban aikatau ne: "he always comes late". In aikatau ɗin "is" ne ko "are", sai ta koma bayansa: "he is always late". Malami ya rubuta jimlolin nan biyu a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ya ja layi a ƙarƙashin aikatau kafin ya ce komai.

Wassalam,
Wasu malaman Turanci, Jidda, Saudiyya